A Gyara Ko a Sayi Sabo? Tambayoyin Maigida Kan Na'urar Sanyaya Ɗaki

Daga tsakiyar watan Maris zuwa saukar ruwan farko, ba mai sana'ar da wayarsa ke ruri a Kano kamar mai gyaran iyakwandishan, wato esi. A watannin nan zafi yakan taɓa digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa har ya zarce. Bangon bulo ya sha rana wuni guda, dare na yi ya shiga amayar da ita cikin ɗaki. A daidai lokacin ne maigida zai danna rimot, esi ya buɗe baki, ya huro masa iska mai ɗumi. A kira mai gyara, ya hau tsani, ya shafa bututu, ya sauko yana karkaɗe hannu ya ce, "Alhaji, gas ne ya ƙare." A biya, a ɗura, a yi 'yan makonni ana barci da bargo, sannan a koma gidan jiya.

Tambayar farko ke nan a bakin kowane mai esi: sau nawa ya kamata a riƙa ɗura gas? Amsar takan ba mutane mamaki. Esi mai lafiya ba ya shan gas, domin ba ƙona shi ake yi ba. A rufe yake cikin bututun jan ƙarfe, yana kai-komo tsakanin akwatin da ke cikin ɗaki da wanda ke waje, kuma wanda kamfani ya ɗura tun farko zai iya kai na'urar ƙarshen rayuwarta. In ya ragu, to akwai inda yake zurara.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake ajiye randa ya riga ya san rabin ilimin. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska, kuma ba ya tafiya haka nan sai ya ɗebi zafi ya wuce da shi, shi ya sa na ciki ke yin sanyi. A akwatin ɗaki, gas ɗin yana isowa ne a matsayin ruwa, ya tafasa cikin siraran bututu alhali yana da sanyi ƙalau, ya zuƙe zafin iskar da fanka ke turowa ta kansu. Daga nan kwamfireso, baƙar tukunyar ƙarfen nan da ke gurnani a akwatin waje, ya jawo shi ya matse shi har ya fi iskar waje zafi. Fankar waje ta hura, zafin ya fice, gas ya sake zama ruwa, ya koma ɗaki. Aikin duka jidar zafi ne daga ciki zuwa waje. Ruwan randa yana tafiya ba dawowa, na esi kuwa ba a bar masa ƙofar fita ba, sai in wani ya buɗe masa.

Kuma yawanci tun ranar kafawa ake buɗe masa. Inda bututun ɗaki ya haɗu da na waje akwai noti biyu na tagulla, a nan ake buɗa bakin bututu a ɗaure. In an buɗa shi a karkace, ko an ɗaure shi sako-sako, ko an matse har ya tsage, gas zai yi ta sulalewa kaɗan-kaɗan tsawon watanni. Maigida da kansa zai iya ganin alamar: mai na kwamfireso yana tafiya tare da gas, saboda haka wurin da ke yoyo yakan yi maiƙo, ƙura ta manne masa ta yi baƙi. Mai gyara na ƙwarai zai kaɗa kumfar sabulu ya shafa a mahaɗa, ya tsuguna yana jiran ya ga inda za ta yi ƙwai. In bai gani ba sai ya matsa iskar naitirojin cikin bututun ya sa ido kan agogonsa. Naitirojin na ce. Wanda ya ɗauko tukunyar iskar oksijin ta masu walda zai gwada yoyo da ita, a dakatar da shi tun daga ƙofar gida, domin oksijin da man kwamfireso in suka haɗu cikin matsi fashewa suke yi.

Bayan an toshe yoyo akwai matakin da masu gaggawa ke tsallakewa, wato zuƙe iska da laima daga cikin bututu da ƙaramin famfon da aka yi don haka, kafin a saki gas. Da yawa sukan ɗan buɗe gas ya yi "fuu" na daƙiƙa biyu, su ce ya kore iskar. Bai kore ta duka ba. Laimar da ta saura tana gauraya da mai, sannu a hankali ta zama sinadari mai cin waya, ta ci naɗin da ke cikin kwamfireso. Shekara biyu ko uku a tsakani sai a ce kwamfireso ya ƙone, a ɗora laifin kan kamfanin da ya ƙera shi. Yawan gas ɗin ma ba da ƙiyasi ake sa shi ba. A jikin akwatin waje akwai takardar da aka rubuta irinsa da nauyinsa da giram, kuma ɗura fiye da haka illa ce, ba alheri ba. A ganina mai gyaran da ya zo da famfo da sikeli ya cancanci ninkin ladan wanda ya zo da tukunyar gas kaɗai a bayan babur.

Sai dai ba kowane rashin sanyi ne na gas ba, kuma a ƙasarmu kafin a zargi gas ƙura ya kamata a fara tuhuma. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shimfiɗa ta a kan komai. A lokacin esi yana kashe, ba mai tunawa da shi. Bazara na zuwa sai a kunna shi da ƙurar wata huɗu a haƙarƙarinsa. Ɗaga murfin akwatin ɗaki ka zaro ragar nan ta roba, za ka tarar ta yi kauri, ta koma ruwan toka, ko haske ba ya ratsa ta. Iska ba ta wucewa, bututun ciki ya yi ta sanyi shi kaɗai har ƙanƙara ta kama shi, ɗaki kuwa yana nan da zafinsa. Wanke ragar ba ya buƙatar injiniya: ruwa, ɗan sabulu, a shanya a inuwa, a mayar. A lokacin da ake aiki da esi kullum, duk mako biyu bai yi yawa ba.

Akwatin waje ya fi shan wahala. Siraran faifan alminiyon da ke bayansa su ne hanyar fitar zafi, in ƙura da gashin kaji da ledar ruwa suka toshe su sai matsi ya hau, kwamfireso ya yi zafi, ya kashe kansa don kada ya ƙone, ya huce ya sake tashi. Shi ne esin da ke sanyi da asuba ya gaza da azahar. Wanki ɗaya kafin bazara, bayan an kashe wuta daga tushe, da ruwa mara ƙarfin da zai lanƙwasa faifan, yakan dawo da shi hayyacinsa. Inda aka kafa shi ma abin dubawa ne. Wanda aka rataye a bangon yamma yana fuskantar rana tun daga azahar, ko aka cusa shi a lungu tsakanin katanga biyu, ko aka yi masa kejin ƙarfe matsattse saboda ɓarayi, iskar zafin da ya fitar ita zai sake shaƙa. Inuwa yake so da sarari.

Game da ruwan da ke ɗiga a bango, wannan ba lalacewa ba ce a kan kanta. Laimar iskar ɗaki ce ke taruwa a kan bututu mai sanyi. Asali ma don laima aka ƙirƙiro na'urar: a 1902 Willis Carrier ya tsara ta saboda wata maɗaba'a a Burukilin ta birnin New York, inda danshi ke sa takarda ta kumbura launuka su ƙi hawa daidai. Sanyaya mutane daga baya ya zo. Shi ya sa a watan Afrilu, da iska ke bushe, da ƙyar ka ga ɗigo, amma a Agusta bokiti yake cikawa. Ruwan yana da tiyon da zai bi ya fita. In ya dawo cikin ɗaki, ko dai an kafa akwatin a karkace, ko tiyon ya toshe, kuma sau da yawa zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a bakinsa.

Bayan ƙura, abu na biyu da ke kashe esi a nan ita ce wuta. An ƙera na'urorin da ake sayarwa a Najeriya don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, amma a unguwannin da gidaje suka yi wa taransifoma yawa, da magariba takan faɗo ƙasa da haka sosai. Kwan fitila zai jure, ya dai yi ja. Kwamfireso ba ya jurewa. A lokacin tashi yana jan wuta ninki da yawa na abin da yake ci in ya daidaita, in kuwa wutar ta yi ƙasa sai ya kasa juyawa, ya tsaya yana "hmmm", wayoyin cikinsa suna ɗaukar zafi. In ka ji wannan gurnanin sannan ka ji "ƙat", kashe shi. Sitabilaiza mai ƙarfin da ya fi na esin, wadda ke jinkirta kunnawa na minti uku bayan an dawo da wuta, ita ce garkuwar kwamfireso. Minti ukun nan ba ado ba ne. In wutar gari ta ɗauke ta dawo nan take, matsin da ke cikin bututu bai riga ya sauka ba, kuma tashi a kansa shi ne mafi nauyin aikin da injin zai yi. Haka abin yake in ana sauyawa daga wutar gari zuwa janareto.

A nan ne maigida ya kamata ya buɗe ido, don a nan aka fi yi masa sakiyar da ba ruwa. Alamar mutuwar kwamfireso da ta mutuwar kafasita kusan ɗaya ce: fanka na juyawa, ana jin gurnani, ba sanyi. Kafasita 'yar gwangwani ce mai tsawon yatsa zuwa tafin hannu, aikinta ta ba injin turin farko. Zafi yana kashe ta, kuma in ta mutu kanta yakan kumbura ya yi tozo, wani lokaci har da ɗan mai a gefe. Tana cikin mafi arahar kayan esi, kwamfireso kuwa shi ne mafi tsada. Duk wanda aka ce masa kwamfiresonsa ya tafi, ya nemi a fara gwada sabuwar kafasita a gabansa, a kuma auna wayoyin injin da mita. Kada dai ya kai hannu da kansa, domin kafasita tana riƙe wuta ko bayan an zare soket.

To yaushe ne gyara ya zama asara? Esin da ake kula da shi yakan yi shekara goma zuwa goma sha biyar. Kafasita, injin fanka, rimot, yoyo a mahaɗa, duk waɗannan a gyara ko da na'urar ta tsufa. Magana tana canzawa in kwamfireso ne ya ƙone da gaske, ko bututun cikin akwati ya rube yana yoyo ta wurare da yawa, yau a like nan gobe can ya ɓalle. Masu sana'ar suna da ƙiyasin da na yarda da shi: in kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin sabo, na'urar kuma ta haura shekara goma, a haƙura da ita.

Irin gas ɗin da ke ciki ma yana da ta cewa. Tsofaffin esi da yawa suna aiki da R22, wanda ke cikin sinadaran da ke cinye rufin ozon na sararin sama. Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Najeriya da Nijar suke ciki, ta tsara a janye shi daki-daki, kuma wa'adin ƙasashe masu tasowa shi ne 2030, in ban da ɗan abin da aka bari don gyaran tsofaffin na'urori. Ma'ana R22 ƙara wuya da tsada zai yi ta yi, jabu kuma ya ƙara samun kasuwa. Wanda ya gaje shi, R410A, ba ya taɓa ozon amma yana da hannu sosai a ɗumamar duniya, shi ma gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya sa shi a layin ragewa. Sababbin na'urori da yawa yanzu R32 suke ɗauke da shi. Ba a gauraya su, ba a kuma zuba wani a gurbin wani. Matsin R410A ya fi na R22 da kusan rabi, man injinsu ma daban ne. R32 kuwa yana iya kama wuta, ko da yake ba da saurin gas ɗin girki ba, don haka ba a kusantar bututunsa da wutar walda sai an tabbatar ba kome a ciki.

Ga kuma kuɗin wuta, wanda tun Afrilun 2024 ya shigo cikin lissafin da ƙarfi. A watan ne hukumar NERC mai kula da wutar lantarki a Najeriya ta ɗaga farashin masu rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan sassauta a wata mai bi. Mu ɗauka naira 200 don sauƙin lissafi. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana cin yunit ɗaya da 'yan kai a awa in kwamfiresonsa bai huta ba. Awa takwas a dare ya doshi yunit goma, naira 2,000 ke nan, a wata kusan 60,000, ɗaki ɗaya tak. Tsohon inji mai datti ba ya hutawa, saboda haka wannan lissafin nasa ne.

Esi mai inbata a nan ya yi fice. Na gargajiya gudu ɗaya ya sani: ya tashi da dukkan ƙarfinsa, ɗaki ya yi sanyi ya tsaya, ya ɗumama ya sake zabura. Mai inbata yana tashi a hankali, in ɗaki ya kai yadda ake so sai ya rage gudu ya ci gaba a haka. Wutar da yake ci ta fi kaɗan, kuma da yake ba ya fizgar wuta wajen tashi, ƙaramin janareto ko sola za su iya ɗaukarsa. Amma kada mai shago ya cika ka da daɗin baki. Ragin yana fitowa ne in ɗakin a rufe yake kuma na'urar ta yi daidai da girmansa. In ta yi masa kaɗan, a kan cikakken gudu za ta kwana, ba abin da aka rage. Sannan yana da allon lantarki mai tsada wanda ba ya son wuta mai hawa da sauka, ba ya kuma son tsaka da ƙadangare, waɗanda ke shiga akwatin waje neman ɗumi su haɗa wayoyi. Ba kowane gari ne ke da mai gyaran allon ba. Kafin ka saya, tambayi inda za a sami kayan gyaransa.

Mai sayen sabo ya duba abu biyu. Na farko girma: a ma'aunin ƙarfin sanyaya ɗaki, doki ɗaya kusan BTU 9,000 ne, ɗaya da rabi 12,000, biyu 18,000. Ɗakin kwana madaidaici doki ɗaya ko ɗaya da rabi ya ishe shi, amma ɗakin da ke saman bene, ko mai kwano ba silin kirki, ko mai faffaɗar taga ta yamma, sai an ƙara. Wanda ya fi ƙarfin ɗaki shi ma ba gwaninta ba ce, yana yawan tashi da tsayawa, da damina kuma ya bar ɗaki da danshi. Na biyu ajin yanayi. Na'urar da aka rubuta wa T1 an auna ƙarfinta ne a zafin waje na digiri 35, mai T3 kuwa a digiri 46. Mutumin Legas zai iya rayuwa da T1. Na Gusau ko Damagaram ya nemi T3 in da hali.

Na gwanjo fa, da ake kira tokumbo? Arha ce ke kai mutane, kuma a gaskiya akwai masu ƙarko a cikinsu. Sai dai tsofaffin esi da tsofaffin kwamfireso sun daɗe cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta Najeriya ta hana shigowa da su, ba mai ba ka garanti, da yawansu R22 ne, wasu kuma an ƙera su don wutar wata ƙasa, kamar Japan mai bolt 100. Arhar ranar saye mita ce za ta karɓe ta a hankali.

Akwai abin da ba ya cin ko kwabo: lambar rimot. Sa shi a 16 ba ya sa ɗaki saurin sanyi a esin gargajiya, hana injin hutawa kawai yake yi. Indiya, wadda ta san zafi kamar mu, ta wajabta wa kamfanoni tun Janairun 2020 su fito da na'urorinsu a saite kan 24. Digiri 25 ko 26 tare da fankar sama yana wadatar da yawancin mutane. Labule mai kauri, toshe ƙasan ƙofa, da silin mai hana zafin kwano saukowa, duk suna rage wa injin kaya. Magina gidajen ƙasa masu kaurin bango da rufin soro sun warware wani ɓangare na matsalar tun kafin a kawo lantarki, mu muka zaɓi bulo mai inci shida da kwano.

Ɗumama ɗaki ba ta dame mu kamar mutanen Turai ba, inda na'ura ɗaya ke juya aikinta da sanyi ta riƙa jido zafi daga waje zuwa ciki. Yawancin esin da ke kasuwarmu sanyi kaɗai suka iya. Amma a Jos, da ko'ina a Arewa cikin Disamba da Janairu, mutane suna neman ɗumi, kuma haɗarin da ke nan ya fi na bazara. Kaskon gawayi a ɗaki rufe yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, jini kuma yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sai barcin da ba a tashi. Hayaƙin janareto a baranda ko a soro irin wannan kisan yake yi. A fitar da kasko kafin a kwanta, a bar taga a ɗan buɗe. Hita ta lantarki kuwa takan ci wat 1,000 zuwa 2,000, wani lokaci fiye da esin kansa, saboda haka soket ɗin bango take so kai tsaye, ba siririyar wayar ƙari da aka bi da ita ƙarƙashin kafet ba.

In an yanke shawarar sauke tsohon esi, ko za a tashi daga gidan haya da shi, kada a bari a kwance bututu haka kawai gas ya bi iska. Mai gyara ya kunna na'urar, ya rufe ƙaramin bawul, ya bar kwamfireso ya tattaro gas ɗin duka cikin akwatin waje, sannan ya rufe babban ya kashe. Aikin 'yan mintuna ne, kuma da shi za a kafa na'urar a sabon gida ba tare da sayen gas ba. A toshe bakin bututun da leda da salatif kada ƙura ta shiga. Wanda ya mutu murus kuma ba na bola ba ne: 'yan gwangwan suna sayensa saboda jan ƙarfe da alminiyon da ke ciki, kuma gara a tambayi farashin kilo a wuri biyu kafin a sallama.